DARASI: BATIRIN MOTA DA MAKULLAN LANTARKI NA HANA SATA

Darasinmu na wannan fitowa a kan abubuwa biyu ne da wayar wuta ɗaya ta haɗa su, wato batirin mota da na'urorin da aka ƙirƙiro don hana sace ta. Wani zai ce wannan ai zancen makanikai ne. To amma duk wanda aka yi wa lodin shanu talatin da hantsi, direba ya murɗa makulli mota ta yi shiru, rana tana dukan dabbobi a tsaye, ya san asarar ba ta makanike ba ce. Haka kuma wanda ya wayi gari ya tarar da wurin ajiye motarsa wayam. Saboda haka ya kamata mai dukiya ya san abin da yake biyan kuɗinsa.

Asalin batir

Wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, shi ya fara haɗa batir a shekarar 1800. Ya jera faya-fayan tutiya da na tagulla, yana sa ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, sai wuta ta fito. Daga sunansa aka samo ma'aunin ƙarfin wuta da muke kira bolt. Illar batirin Volta ita ce in ya ƙare ya ƙare ke nan.

Batirin da ke cikin motarka yau jikan wani ne dabam. A 1859 Gaston Planté, mutumin Faransa, ya naɗe fallayen dalma biyu ya tsoma su cikin ruwan asid, ya gano cewa in wutar ta ƙare ana iya mayar mata da ita. A 1881 wani Bafaranshe kuma, Camille Faure, ya zo da dabarar shafa ƙullun dalma a jikin fallayen, batir ya riƙa ɗaukar wuta mai yawa, ƙera shi ya yi sauƙi. Abin mamaki, motar farko da ta wuce gudun kilomita 100 a awa ba ta fetur ba ce, ta batir ce. Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya tuƙa ta kusa da birnin Paris a 1899.

Motocin fetur na farko da hannu ake tayar da su, a zura ƙarfe a gaba a yi ta juyawa. In injin ya yi tutsu, ƙarfen ya dawo baya ya karya hannun mutum, wani lokaci har muƙamuƙi. Charles Kettering a Amurka ya yi maganin wannan da sitata ta lantarki, aka fara sa ta a motar Cadillac a 1912. Daga nan batir ya zama dole ga kowace mota. Da farko bolt 6 ne. A shekarun 1950, da injuna suka ƙara girma, aka koma bolt 12. Manyan motoci irin namu kuwa galibinsu bolt 24 ne, wato batir biyu ne aka haɗa baki da baki.

Yadda yake aiki, da abin da ke kashe shi

A cikin akwatin batir akwai ɗaki shida. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗori, shidan su tashi 12.6 in batir ya cika. Lokacin da yake ba da wuta, asid ɗin yana shiga jikin dalma ya zama wani farin gishiri, ruwan ya tsinke. Lokacin da dinamo ke caja, gishirin ya narke ya koma cikin ruwa. Wannan kai da komowa shi ne dukan sirrin.

To ga inda matsala take. In batir ya sauka aka bar shi a haka kwana da kwanaki, gishirin nan yakan daskare ya yi tauri, caji ba ya ƙara narka shi. Batir ya mutu ke nan, ko da sabo ne fil. Shi ya sa motar da aka jingine tun faɗuwar damina ana jiran kasuwa ta buɗe ta fi wadda ke kan hanya kullum cin batir.

Abu na biyu zafi. A ƙasashen Turai sanyi ke hana batir tashin mota da safe, amma zafi ne ke rage masa kwana. Masana harkar suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon ran batirin dalma biyu. Ka duba watan Afrilu a Damagaram ko Marwa ko Njamena, ka ɗora zafin injin a kai. Batirin da zai shekara biyar a Jamus in ya yi biyu a nan ya yi ƙoƙari, ba lallai mai shago ne ya cuce ka ba. Na uku girgiza: hanya mai gargada tana kakkaɓe ƙullun dalma ya zube ƙasan akwati har ya haɗa fallaye biyu. Batirin da ba a ɗaure shi da ƙarfensa ba, aka tokare shi da katako ko aka ɗaura masa roba, yana kan hanyar lahira.

Ɗan awon wuta na hannu ba shi da tsada, kuma ko yaron mota zai iya koyonsa a yini ɗaya. Mota a kashe, bayan ta huta, 12.6 cikakke ne, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa a kai shi caji yau, ba gobe ba. In injin na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Mai bolt 24 sai ya ninka waɗannan. In ya haura haka sosai dinamo na dafa batir, za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa yana ta ƙonewa. Ruwan da za a ƙara kuwa tataccen ruwan batir ne kaɗai. Ban da na rijiya, ban da na famfo, ban da ƙarin asid, domin ruwa ne ke tashi, asid yana nan bai je ko'ina ba.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tashoshinmu, ina roƙon masu motoci su tsawatar a kanta. Direba yana son rediyo ko fanka ko cajin waya mai bolt 12, sai mai gyaran wuta ya ja masa waya daga batir ɗaya cikin biyun. Wannan ɗayan kullum a yunwace yake, ɗan'uwansa kuma kullum caji na yi masa yawa. Kafin wata shida duka biyun sun lalace, Alhaji ya sayi sababbi yana zagin kamfani. Akwai ƙaramar na'ura mai sauke 24 zuwa 12, ita ce daidai, kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba.

A kula da wuta kuma. Batir mai caji yana fitar da iska mai kamawa, tartsatsi ɗaya ko taba sigari ya isa ya tarwatsa akwatin ya watsa wa mutum asid a ido. In za a cire batir a fara da baƙar waya mai alamar ragi, in za a mayar ita ce ta ƙarshe.

Sababbin batura

An yi ta gyara batirin dalma. A 1957 Otto Jache na kamfanin Sonnenschein a Jamus ya daskarar da ruwan ya zama kamar kamu, ba ya zuba ko an kifa shi. Daga baya aka fito da mai tsumman gilashi da ke shanye asid ɗin, wanda ake rubuta wa AGM, ya fi jure girgiza. Akwai kuma rufaffe wanda ba a ƙara masa ruwa. Wannan na ƙarshe, a ganina, ba kullum ya dace da mu ba: in zafi ya ƙone ruwansa ba ka da ƙofar da za ka mayar.

Babban juyi ya zo da litiyam. Stanley Whittingham ya fara aikin a shekarun 1970 a kamfanin mai na Exxon. John Goodenough ya gano sinadarin da ya ɗaga ƙarfinsa a jami'ar Oxford a 1980. Akira Yoshino na Japan ya haɗa wanda ba shi da haɗari sosai a 1985, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2019. Shi ne ke cikin wayar da ke aljihunka. Kilo ɗaya nasa yana riƙe wutar da sai kilo huɗu ko fiye na dalma za su riƙe, shi ya sa motar lantarki ta dawo bayan kusan shekara ɗari: Tesla Roadster a 2008, Nissan Leaf a 2010, sannan kamfanonin Sin irin su BYD da CATL suka mamaye ƙera batirin. Tsakanin 2010 da 2023 farashinsa ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari. Akwai nau'in da ake yi da ƙarfe da fosfet, wanda ya fito daga ɗakin binciken Goodenough a Texas a ƙarshen shekarun 1990. Ya fi jure zafi, ba ya saurin kama wuta, shi ne ake yawan sayarwa yanzu don hasken rana. Duk da haka kada wani ya ɗauko batirin sola ya ce zai tashi tirela da shi. Ba don wannan aka ƙera shi ba. Hasali ma yawancin motocin lantarki har yanzu suna ɗauke da ɗan batirin dalma mai bolt 12 don fitilu da kwamfutarsu.

Kafin mu bar wannan babi, mataccen batir guba ne. A unguwar Thiaroye-sur-Mer ta birnin Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda ƙurar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. Shanu ma suna lasar batirin da aka yar, kuma yana kashe su. Kada a bar shi a kara, ko kusa da rijiya, ko inda yara ke wasa. A mayar wa mai shago ya rage maka kuɗin sabo.

Ɓarawo da mai ƙira

Tun da aka fara mota aka fara satarta. A 1919 wasu Amurkawa biyu, St. George Evans da Edward Birkenbuel, suka yi rajistar wata dabara: allo mai maɓallai tara, mai mota kaɗai ya san yadda zai jera su. In an jera daidai wuta ta tafi fulogi, in an kuskure ta tafi ƙaho, mota ta ƙi tashi tana ta ihu. Duk abin da aka yi bayan wannan, tushensa ke nan.

Sai makullin sitiyari. Abram Neiman ya ƙirƙiro shi a Turai a shekarun 1930, sunansa ya bi abin, shi ya sa makanikan ƙasashen da ake Faransanci suke ce masa neman har yau. Jamus ta Yamma ta wajabta shi a farkon shekarun 1960, sata ta ragu ƙwarai. Amma makullin ƙarfe, ƙarfe ke karya shi. Ɓarayi suka koyi fasa shi da haɗa wayoyi biyu a ƙarƙashin sitiyari.

A 1986 kamfanin General Motors ya dasa wata ƴar ƙwaya a jikin makullin motar Corvette. Ƙwayar iri 15 ce, kowace da yadda take rage gudun wuta. In an sa makullin da ƙwayarsa ba ta dace ba, mota ta yi gum na ƴan mintoci kafin a sake gwadawa. Ɓarawo ba ya son tsayuwa, wannan jinkiri kaɗai ya kori da yawa.

Wadda ta fi duka tasiri ita ce na'urar da ke daƙile injin, wadda ta bazu a shekarun 1990. Bayan rushewar katangar Berlin a 1989 satar motoci ta yi tsanani a Jamus, ana kwashe su zuwa gabas, kamfanonin inshora suka matsa lamba. Ga yadda take. A cikin baƙar robar kan makulli akwai ƙwaya ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, ba ta da batir. A bakin ramin makulli kuma akwai zoben waya. Da ka sa makulli, zoben ya aika wa ƙwayar ɗan ƙarfi ta iska, ita kuma ta amsa da lambar sirri. In kwamfutar injin ta gane lambar, ta saki mai da wuta. In ba ta gane ba, ko ka haɗa waya ɗari sitata za ta yi ta juyi a banza. Jamus da Ingila sun wajabta ta ga sababbin motoci a 1998, Ostareliya a 2001, Kanada a 2007. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun buga bincike a 2016 da ya nuna ta rage satar mota da wajen kashi 40 cikin ɗari.

Amurka ba ta wajabta ba, kuma ta ga sakamako. Miliyoyin motocin Kia da Hyundai da aka sayar can tsakanin 2011 da 2021 ba su da ita. Daga 2021 samari a birnin Milwaukee suka gano haka, suka yaɗa a TikTok, sata ta bazu garuruwa kamar wutar daji, har a 2023 kamfanonin biyu suka fito da gyara kyauta ga motoci kimanin miliyan 8. Wannan ya shafi mai sayen tsohuwar mota daga tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome: motar da ta fito Amurka, ko ƴar 2015 ce, a tambaya a tabbatar, kada a ɗauka tana da ita.

Masu ƙira sun so su sauƙaƙa wa mutane, suka kawo makullin da ba a fitar da shi daga aljihu, da ka matso mota ta buɗe, ka danna maɓalli ta tashi. Nan ɓarayi suka sami ƙofa. Ɗaya ya tsaya jikin bangon gida da na'ura, ɗaya jikin mota, su miƙa saƙon makullin da ke rataye a ɗaki zuwa ga mota, ita kuma ta zaci mai ita ne ya zo. Maganinsa mai arha ne har ya ba da dariya: a sa makullin cikin gwangwani mai murfi da dare. A gwada tukuna, a je jikin mota da gwangwanin a rufe, in ba ta buɗe ba ya yi.

Mai bin sawu

Duk waɗannan hana tashi suke yi. Akwai kuma mai nemo motar bayan ta tafi. William Reagan, tsohon kwamishinan ƴan sanda a wani ƙaramin gari na jihar Massachusetts, ya yi rajistar LoJack a 1979, aka fara sayar da ita a 1986: ƴar rediyo ce ɓoyayya da ƴan sanda ke bin saƙonta. Da gwamnatin Amurka ta daina dusashe saƙon tauraron GPS ga farar hula a watan Mayun 2000, wayar salula kuma ta bazu, sai aka sami wadda muka sani yanzu, mai nuna maka motarka a taswira cikin wayarka.

Wannan na'ura ƙafa biyu gare ta. Tauraro ke gaya mata inda take, layin waya ke kawo maka labari. Inda babu layi, sai ta adana ta aiko daga baya. Ga mu masu ƙetare iyaka kuwa, tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: in mota ta wuce Ɗan Isa ta shiga Jibiya, katin da ke ciki zai ci gaba da magana? Da yawa a bakin iyaka suke yin shiru, wato daidai inda ɓarawo ya nufa. A tambayi kuma ko tana da ɗan batirinta na ciki, ko tana kiranka in an yanke mata wuta, da ko tana karɓar bolt 24. Ɓarayin da suka ƙware suna da na'urar toshe saƙo, kuma sun san wuraren da masu gyara suka saba ɓoyewa. Mai hali ya sa biyu, ɗaya inda za a gani, ɗaya inda shi da mai sawa kaɗai suka sani.

Wasu suna da dabarar kashe injin daga nesa. A yi hattara da wannan. Tirela mai lodi tana gudu, in injin ya mutu sitiyari ya yi nauyi, iskar birki ta daina cika, ga dabbobi, ga yara masu rakiya a sama. A nemi wadda ba ta yankewa sai mota ta tsaya ko ta rage gudu ƙwarai.

Inda batir da makulli suka haɗu

Kowace irin wannan na'ura tana shan wuta dare da rana, ko mota na kashe. Mu yi lissafi. Batirin ƙaramar mota yana riƙe kamar amfa-awa 60. In duk abin da ke sha bai wuce kashi 5 cikin ɗari na amfa ɗaya ba, wanda shi ne daidai, a yini ya sha 1.2, a kwana 25 ya sha 30, rabin batir ke nan. In kuwa an yi haɗin banza yana shan kashi 30 cikin ɗari na amfa, a yini 7.2 ne, kwana huɗu batir ya sauka rabi, gishirin da muka faɗa ya fara daskarewa. Saboda haka bayan an sa maka ƙararrawa ko mai bin sawu, ka sa a auna shan wutar a gabanka, kuma ka ga an sa mata fiyus. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ita ke ƙona motoci a garaji cikin dare.

Tsofaffin manyan motoci, irin su Marsandi 911 da Berliet, ba su da kwamfuta, ba a sa musu makulli mai ƙwaya ba. Abin da aka saba shi ne makunnin yanke batir. Yana da amfani biyu, yana hana zubar wuta, yana ɓata wa ɓarawo lokaci, in dai ba a bar shi a fili gefen akwatin batir ba. Sai dai a tuna, tsohon injin gazuwal mai famfon ƙarfe ba ya bukatar lantarki in ya tashi. A gangara shi ko a ja shi da wata mota, ya kama, ya tafi ba batir. Irin wannan sai a haɗa masa da ɓoyayyen makullin mai a kan bututu: ya tashi, ya yi ƴar tafiya, ya shaƙe a tsakiyar hanya. Kada kuma a juya makunnin batir injin na aiki, dinamo ke ƙonewa. In akwai mai bin sawu, a ja mata wayarta daga gaban makunnin, in ba haka ba kai da kanka kake makantar da ita kowane dare.

Saura maganar makulli na biyu. Motocin da ake kawowa daga Turai sau da yawa da makulli ɗaya suke zuwa. Maƙerin kasuwa zai yanka maka irinsa, ya buɗe ƙofa, ya juya sitata, amma injin ba zai kama ba tunda babu ƙwaya. Yin na biyu alhali na farko yana hannu abu ne mai sauƙi wurin masu kwamfutar mota. In na farkon ya ɓace a Agadas ko Garwa, sai an jawo mota, wani lokaci sai an canja kwamfutar injin da zoben gaba ɗaya. A yi na biyun tun ranar saye, ya zauna gida wurin mai mota. In an sallami direba ko an sayi mota hannun wani, a sa mai kwamfuta ya goge lambar duk makullin da ba ya hannunka.